Babur a Ɗakin Tiyata

Babur ta tarar a ɗakin tiyata. Jan babur ne, an jingine shi da bango, baƙin mai yana ɗiga daga cikinsa kan wani tsohon kwali. A gefensa kujerun roba ne a kife kan juna, da fanka marar kai. Gadon da ya kamata a kwantar da mace a ciro mata ɗa yana can ƙurya, an jibga masa buhunan siminti.

Juyau ta tsaya a bakin ƙofar, hannu ɗaya a kan cikinta na wata bakwai. A kasuwar gwanjo aka laƙaba mata wannan suna, domin babu rigar da ke wucewa ta hannunta ba ta juya ta ciki waje ba. In an fasa dilar kaya, sauran mata kala suke bi, ita kuwa sai ta duba hammata da bakin wuya da bayan ɗinki. Halin ya bi jininta har ba ta iya barinsa a kasuwa. Shi ya sa yau, da ta zo awo ta gaji da zama kan kujera mai laushi a ɗakin jira tana kallon talabijin, ta ce za ta kewaya, ta bi baranda ta tura ƙofar da aka rubuta wa Ɗakin Tiyata da jan fenti.

A jikin ƙusa ta hangi koriyar rigar aiki a rataye. Ta miƙa hannu ta taɓa. Karin ninkinta na leda yana nan raɗau, ruwa bai taɓa taɓa ta ba, balle gumin mutum.

Asibitin na yayan mijinta ne. Kowa Dakta yake ce masa, ko da yake abin da dangi suka sani shi ne ya daɗe yana sayar da magani a shago, daga baya ya yi wa wani likita riƙon jaka. Shi ya riƙe ƙannensa bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa mijin Juyau, direba mai faɗa da kowa a kan titi, in ya zo gaban Yaya sai muryarsa ta koma ta ɗan firamare. Duk matan gidan a nan suke haihuwa. A nan matar Auta, faccalarta, ta kwana biyu tana naƙuda bara, ana ƙara mata ruwa ana ce mata ta yi haƙuri, sai da ta daina magana aka kwashe ta zuwa babban asibiti. Ta dawo gida hannu rabbana, dangi kuma suka ce babban asibiti ne ya kashe yaron.

Juyau ta ja ƙofar a hankali. Tsoro ne ya kama ta. Shekarun da ta yi tana jiran cikin nan ba kaɗan ba ne.

* * *

Washegari ta bar wa maƙwabciyarta rumfa ta nufi babban asibiti. Gabansa kam ba abin so ba ne. Fenti ya ɓare, benci ya cika, mata sun zube har ƙasa suna fifita da katin awo. Nas ɗin da ke kiran suna kuwa kamar an ce ta rama wani abu a kan jama'a.

"Ke mai shuɗin mayafi, layi ake bi a nan, ba ɗakin mijinki ba ne!"

Juyau ta haɗiye amsar da ta zo mata baki, ta karɓi lamba. Da ta ga layin ba ya motsi, sai ta zame ta zagaya bayan ginin. Can ta ga abin da ta zo nema. Igiyoyin shanya ne reras, cike da korayen riguna da zannuwa, sun koɗe har sun yi fari-fari, wasu da faci a gwiwar hannu. Wata dattijuwa tana ƙara shanya wasu, suna ɗigar ruwa. Janareto yana ta ruri a rumfarsa. Wani saurayi ya fito daga wata ƙofa da gudu, riƙe da ledar jini, ya shige wata.

"Baba, sannu da aiki. Kullum haka kike wankin nan?"

"Kullum, 'yar nan. Har ranar hutu. Kafin waɗannan su bushe an turo wasu."

Juyau ta kama bakin wata riga ta juya ta. Ɗinkin ya sha wuya, wuyan ya saki. A rumfarta ko kyauta ba za ta karɓi irinta ba, amma sai ta ji daɗi ya ratsa ta har ta yi dariya ita kaɗai.

Sai bayan la'asar ta ga likita, wata siririyar mace da gajiya ta zauna mata a ƙarƙashin ido. Ta shafa mata mai a ciki, ta daɗe tana kallon allon na'urar hoton ciki, sannan ta juyo shi.

"Kin ga wannan? Mabiyiya ce. A gefe ya kamata ta zauna, amma taki ta kwanta a bakin ƙofa ta tare hanya. In naƙuda ta taso, jini ne zai riga yaron fitowa. Aiki za mu yi miki kafin lokacin. Ki sa maigidanki ya zo ya ba da jini mu ajiye. Kuma ko ɗigo kika gani, ko tsakiyar ciniki kike, ki taho. Kar ki tsaya ko'ina a hanya."

"Ko'ina?"

"Ko'ina."

* * *

Maganar ba ta kwana biyu ba ta kai kunnen surukarta. Aka tara su a falon Yaya bayan azahar. Inna tana kan doguwar kujera, Yaya ya harɗe da abin awon ƙirji a wuya, wanda ko gaisuwar rasuwa ba ya zuwa ba shi. Mijinta direba ya zauna a ƙasa yana wasa da makullin mota. Matar Auta ta kawo ruwa ta raɓe a bakin ƙofa.

"Ni dai ban san abin da muka yi miki ba," in ji Inna. "Ga asibiti a gida, naki na kanki, ki tsallake ki kai kanki inda ake yanka mutane? Me kike so duniya ta ce? Matar ƙaninsa ma ta guje shi?"

"Inna, ki yi haƙuri. Likita ce ta ce..."

"Likita!" Yaya ya yi murmushi irin na manya. "Ai su wuƙa kawai suka sani. Mace in ba raguwa ba ce, da kanta take haihuwa. Akwai allurar da zan yi miki, komai zai koma wurinsa. In ma aikin ya zama dole, mu ma muna da ɗakin tiyata."

Juyau ta so ta yi shiru, Allah ya sani. Ta dubi mijinta ko zai ce wani abu, ta ga makulli kawai yake juyawa. Sai bakinta na kasuwa ya riga ta.

"To Yaya, a fara fitar da babur ɗin tukuna."

Inna ta dubi ɗanta. "Wane babur?"

"Gyara ake yi," in ji Yaya da sauri, yana taɓa abin wuyansa. "Na ɗan lokaci ne."

"Rigar aikin ma ko sau ɗaya ba a taɓa sa ta ba. Inna, sana'ata ce, na san rigar da ta ga jiki." Ta dubi surukarta. "Ban raina Yaya ba, uba ne a gidan nan. Amma cikin nan ni na san daɗewar da na yi ina roƙonsa. Ba zan ba da shi don a ce ina da kunya ba."

A bakin ƙofa, kofi ya suɓuce daga hannun matar Auta. Ta sunkuya tana goge ruwan da gefen zanenta, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Inna ta ce in Juyau ta haihu a can, kada a kawo mata jaririn. A mota Juyau ta jira mijinta ya yi magana har suka kai gida, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi maganar Inna yi mata ciwo. Ta daina tambayarsa zancen jini, shi ma bai tayar ba. Ta ci gaba da zuwa awonta ita kaɗai, tana shan tsawar nas, har suka saba, nas ɗin ta koma kiranta Mai Gwanjo tana tambayar ko an fasa sabuwar dila.

* * *

Ranar da abin ya zo, da hantsi ne, tana tsaka da ciniki da wata mata a kan rigar sanyi. Ba ciwo, ba komai. Ɗumi kawai ta ji yana bin ƙafarta, ta duba ta ga silifas ɗinta ya yi ja.

Maƙwabciyarta ta kira mijinta direba. Ya iso kamar an jefo shi, ga Inna a gaban mota, ashe yana hanyar kai ta unguwa ne. Aka shimfiɗa Juyau a baya kan tarin zannuwan gwanjo. Inna ta manta da fushi, sai salati take tana juyowa tana riƙe mata hannu.

A mahaɗar hanya danja ta tsayar da su. Hagu, ga allon asibitin Yaya ana hangowa. Dama, babban asibiti ne, da sauran tafiya.

"Yi hagu!" in ji Inna. "Ga yayanka nan kusa, ya tsayar da jinin ko yaya ne. Yi hagu na ce!"

Juyau ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ƙeyar mijinta kawai take gani, gumi na bin ta. Ta san wannan ƙeyar, ta sha ganinta a sunkuye gaban Yaya.

Ya kunna sigina ta dama.

"Kai! Ni kake..."

"Inna, ki gafarce ni. Na je na ga babur ɗin da idona. Yau ma da safe yana nan."

Ya danna ham ya ratsa, yana leƙowa ta taga yana yi wa masu motoci ihu da muryarsa ta titi. Juyau ba ta taɓa jin daɗin masifarsa irin na ranar ba.

A ƙofar gaggawa nas mai tsawa ce ta tare su. "Mai Gwanjo ce! Ku kawo gado! A kira likita, a ɗauko jinin da aka ajiye mata!"

"Ba mu... ba da ba," Juyau ta ce da ƙyar.

"Wa ya ce? Mijinki ya zo tun makon da aka faɗa miki, ya kwaso abokansa direbobi kamar zai yi yaƙi. Rufe baki ki ajiye ƙarfinki."

Abu na ƙarshe da ta gani kafin fitilar saman kanta ta narke shi ne hannun rigar likita, koriya, koɗaɗɗiya, da faci a gwiwar hannu.

* * *

Mace aka ciro, 'yar mitsitsiya mai ƙarar murya. Inna, wadda ta ce kada a kai mata, ita ta hana kowa ɗauka, har nas ta yi ta korar ta daga ɗakin sau ba adadi tana dawowa. Ta ga ledojin jinin da aka ƙara wa surukarta, ba ta sake ambaton raguwa ba. Yaya bai zo ba. Ya aiko da katan ɗin madara, an ce kuma ya sa an goge jan fentin da ke ƙofar nan, babur ɗin dai yana inda yake.

Direba ya zo ya tsaya a gefen gado yana juya makulli.

"Da ka faɗa mini ai," in ji Juyau.

"In faɗa miki ki faɗa wa duk kasuwa?"

Ta fara dariya, ɗinki ya hana ta, ta riƙe ciki tana zaginsa a hankali.

Bayan an sallame su, wata ranar da yamma gida ya yi shiru, matar Auta ta yi sallama. Ta zauna a bakin katifa ta daɗe tana kallon jaririyar, sannan ta ciro wani ƙunshi daga mayafinta ta kwance. 'Yan riguna ne da safa da hula mai kunnen zomo. Juyau ta gane su nan take. Ita ta zaɓo su bara daga dila mafi kyau, ta juya kowace ta duba, ta wanke ta goge ta kai mata.

"Yaya Juyau, ki sa mata. Suna ta zama a akwati."

Juyau ta ɗaga hular. Karin gugarta na bara yana nan yadda ta bar shi. Sai ta sa wa 'yarta hular, ta yi mata yawa har ta rufe ido ɗaya.

Matar Auta ta yi ɗan murmushi. Ta waiga ƙofa, ta ga ba kowa, sannan ta ɗora hannu a kan mararta, ta rage murya.

"Wata uku ke nan. Ban faɗa wa kowa ba, ko shi maigidan." Ta matso kusa. "Ranar da za ki koma a duba miki ɗinki, ki biyo ta gidanmu. Ki ce rakiya zan yi miki."

"Ki zo da abin fifita," in ji Juyau. "Layin da tsawo, nas ɗin kuma ba ta da kirki."

Matar Auta ta gyaɗa kai. Ta miƙa yatsa ta gyara wa jaririyar hular, ta bar hannunta a wurin.