Simintin da Ya Kwana

Takardar ta iso Tawa a ƙarshen damina, shekara ta bakwai da samun mulkin kai. Daga ɗana na fari take. Sunansa ba na kamawa, kamar yadda ubana bai taɓa kama na yayana ba. Tun da ya zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci, ni ma na huta na bi sahu. Na zauna a rumfar dukancina na karanta da ɗan bokon da na koya a makarantar manya. An maido shi gida da aiki. Zai zo da matarsa Rahamatu da 'yarsu Tanna, wadda ta fara rarrafe, ba mu taɓa ganinta ba. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: in ɗaki bai samu a gida ba kada mu damu, akwai na haya kusa da lakwal, mai siminti.

Wannan layin na karanta ya fi sau goma. Shekara tara yaron yana nesa. In ya sauka a gidan haya, na san yadda abin zai kasance: gaisuwar Juma'a, a durƙusa, a tashi. Kuma ba ni da bakin da zan ce masa zauna. Tsakanina da shi magana ba ta wuce gaisuwa.

Ɗaki muna da shi, wanda marigayiya uwata ta zauna, sai dai ya zama ma'ajin harawa, ƙasansa duk ramuka. Na ce wa mai ɗakina Kaltumi zan gyara shi da hannuna.

"Da wane kuɗi, Malam?"

Na dubi ragon da muke turke da shi don layya. Ita ma ta dube shi.

Ranar kasuwa na sayar da shi. Kuɗin ya isa buhun siminti ɗaya, da ƙyauren katako tsoho, da hatsin da zai kai mu sabon gero. Sauran kaya ba a saye su ba. Yashi na ɗebo a ƙorama da jakin aro. Farar ƙasa wani mutumin Kalfu ya kawo mini, na ɗinka masa kube. Goro na bari, Kaltumi ta rage man miya, ba wanda ya yi wa wani ƙorafi. Na yaɓe bango, na toshe inda rufi ke yoyo, na shafa farar ƙasa har sau biyu. Buhun kuwa na ɗora shi a kan duwatsu a ɗakina, kullum sai na taɓa shi kafin in fita.

"Ka kira Isuhu ya duba maka," in ji Kaltumi. "Shi ya yi lebura wurin ginin gwamnati."

Isufu taubashina ne. In ya ji, kafin la'asar duk mahauta da maɗinka sun ji cewa baduku ya zama magini. Kuma ko bai nemi lada ba, dole a ba shi wani abu. Na ce ba sai an kira shi ba. Tun ina yaro nake kwaɓa ƙasar gini tare da ubana, na san ƙa'ida: a zuba ruwa, a tattake, a rufe, a bar ta ta kwana biyu ko uku ta tsima. Ƙasar da aka yi gaggawar ɗora ta, ita ce ke tsagewa. To, abin da aka sayar da rago dominsa ai ya fi cancantar a yi masa haƙuri.

Ranar Talata da hantsi na zazzage buhun gaba ɗaya a tsakar gida, na haɗa da yashi, na kwaɓa da kyau har ya yi laushi kamar kunu mai kauri. Na tara shi wuri ɗaya, na rufe da tsofaffin tabarmi, na yayyafa ruwa. Na ce wa Kaltumi kada kaji su hau. Laraba ban ko ɗaga tabarmar ba, don kada iska ta shiga. Na dai ƙara yayyafi safe da yamma.

Alhamis bayan na karya, na ɗauko kwando da fartanya. Tabarmar ta ƙi ɗaguwa. Na ja, ta yage. Na sara fartanya, ta yi ƙara ta dawo mini har kafaɗa. Na sake sarawa, bakin ƙarfen ya lanƙwashe.

Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi ba, sai muryar Isufu na ji a zaure yana sallama. Kaltumi ce ta aika masa. Ya shigo, ya zagaya tulin sau biyu, ya ƙwanƙwasa da sandarsa.

"Sa'idu, mi ka yi ma abinga?"

"Na bar shi ya tsima."

"Ya mi?"

"Ya tsima, awa ƙasa."

Ya riƙe ciki, ya jingina da bango, hawaye na zubo masa. "Ai ko ya tsima! Wallahi ko gadar gwamnati ba ta kai shi tsima ba. Ruwa ma ka riƙa ba shi? Kai, baduku! Da fata ce da ka gama da ita." Ya juya wajen Kaltumi. "Ke kuma ina kike anka yi wanga aiki?"

"Ina korar kaji," ta ce.

Ya sake fashewa da dariya. Amma da ya dubi fuskata sai ya daina, ya tsuguna kusa da ni. Ya ce siminti in ya sha ruwa ba ya jiran kowa, kafin azahar ya kamata a ce an gama shafe shi. Na tambaya ko za a iya daka shi a sake kwaɓawa. Ya girgiza kai.

"Yaushe za su iso?"

"Saura kwana shida."

"Akwai abin wani buhu?"

Na dubi turken da ragon ya bari.

Ranar ban je rumfa ba. Da la'asar Kaltumi ta kawo mini fura, ta zauna nesa kaɗan.

"Malam, ɗakin da anka kai ni cikin gidanga, siminti gare shi?"

"Wancan zamani daban. Ita matar Mushe ɗiyar birni ce, gidan ubanta..."

"Ka taɓa shiga gidan ubanta?"

Ban taɓa ba.

"To ka samo min tsakuwa ja, ka roƙo bagaruwa wurin majema abokanka. Sauran ka bar mana."

Juma'a da Asabar na yi ta jigilar tsakuwa. Kaltumi ta jiƙa bagaruwa a manyan tukwane har ruwan ya yi baƙi. Lahadi da safe mata tara na unguwa suka shigo, kowace da madaɓinta, aka kore ni waje. Daga zaure nake jin dukan yana tafiya tare da waƙa, kuma ba a daɗe ba na gane waƙar tawa ce: wai mai gida ya dafa dutse, yana jira ya nuna. Saratu matar Isufu ce ke bayarwa, sauran suna amsawa. Na ji kunya, amma dukan bai tsaya ba sai da rana ta karkata. Kwana biyu Kaltumi tana shiga tana yayyafa ruwan bagaruwa tana goge daɓen da dutse mai santsi. Ya fito ja mai duhu, yana ɗan sheƙi. Kyakkyawa ne. Amma ba siminti ba ne, kuma takarda siminti ta ce.

Laraba da azahar kamyo, babbar motar kaya, ya sauke su a tasha. Kayansu aka shigo da su a ɗaure: akwatuna biyu, katifa, teburi ƙarami. Mushe ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe. Ya ce wa masu dako su ajiye kayan a zaure tukuna. Wannan "tukuna" ta nuna mini bai yanke shawarar zama ba.

Kaltumi ta ja Rahamatu zuwa ɗakin. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta shiga, ta sauke yarinyar daga baya. Tanna ta dafa daɓen da tafin hannu, ta buga, ta rarrafa har ƙuryar ɗaki ta dawo. Uwar ta kama ta, ta juya gwiwoyinta ta duba, ta shafa hannu a ƙasa ta duba tafinta.

Ni da ba ni da ikon tambayar ɗana, sai na tambayi jikata.

"Amarya, ɗakin ya yi miki, ko in nemi wata?"

Rahamatu ta rufe baki da gyale tana dariya. "Baba, ta ce ya yi. Can inda muka baro, sanyin ƙasa ya hana ta rabuwa da mura."

Mushe yana tsaye a bakin ƙofa, yana duban bango, yana duban rufi. Ya daɗe. Sannan ya yi magana, da uwarsa, ba da ni ba.

"Inna, akwai duhu kaɗan. Ina gyaran takardun yara da marece. In an huda taga nan yamma, teburin sai ya zauna ƙarƙashinta."

Ya juya ya kira masu dako, ya ce su shigo da katifar.

Na miƙe na nufi inda nake ajiye dagi. Kaltumi ta tare ni a tsakar gida.

"Ina za ka?"

"Taga."

"Malam, zauna. Baƙi ko ruwa ba su sha ba."