Jirgin da Ya Fito Neman Baba Zabeirou

Garzali ya karkata fiffiken hagu na ƙaramin jirgin, ya sake komawa kan layin da aka ba shi. A ƙasa, unguwar Sedgefield ta shimfiɗu: rufin gidaje, filin golf, sai dajin da ya bi bakin rafi ya yi kudu. Celina, tsohuwar nas da ke zaune a damansa, ta kafa goshi a gilashi tana duban ƙasa.

"Babu komai," ta ce da Turanci. "Barewa ce."

Baba Zabeirou suke nema, dattijo daga gabashin Nijar, mahaifin Ramlatou mai ɗinki. Ya fita bayan asuba da farar jallabiya da silifas. Mantuwa ta fara kama shi, ga ciwon suga, ga shi an ce daren yau za a yi sanyi mai tsanani.

Garzali direban motar ɗaga kaya ne a wani sito a titin Wendover. Tuƙin jirgi a ranakun hutu ya koya, ya kuma shiga ƙungiyar 'yan sa-kai masu neman waɗanda suka ɓata. Shekaru yana atisaye, yana neman tsummokaran da aka ajiye a gona da gangan. Yau ne karon farko da aka tura shi neman mutum na gaske, kuma mutumin da suke sahu ɗaya ranar Juma'a.

Farin kaya a cikin dajin da ya zubar da ganye bai kamata ya yi wuyar gani ba. Sun bi layi, sun dawo, sun sauko ƙasa iya yadda doka ta yarda. Ba su ga kowa ba.

Bayan azahar suka sauka shan mai. Garzali ya tsaya gefen titin jirgi ya kira Ramlatou.

"Anti, muna nan muna dubawa. Yanzu za mu koma."

"Ina jin ku, Malam Garzali. Duk wucewarku sai tagoginmu sun girgiza. Allah ya saka." Muryarta ta dishe. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Da Baba yana gida, da tuni ya shige ƙarƙashin gado."

"Ƙarƙashin gado?"

Garzali ya ƙara manna wayar a kunne.

"Anti, me kika ce?"

"Bon, ba wani abu ba ne. Tun lokacin tashin hankali a garinmu. In ya ji jirgi ya yi ƙasa-ƙasa, sai ya nemi rami. Ko injin yankan ciyawa ne ma wani lokaci."

"Kin faɗa wa 'yan sanda?"

"Sun tambaye ni tsayinsa da kayan jikinsa da maganinsa, na faɗa."

"Wannan fa?"

"Haba, Malam. Mutumin da ya yi limanci shekara da shekaru? In tsaya gaban polis, ga surukinsa, ga jikokinsa, in ce yana rarrafe ya ɓuya kamar yaro? Ko mijina bai sani ba. Ni nake jawo shi in kaɗe masa riga kafin kowa ya shigo."

Garzali ya dubi jirgin. Mai ba da mai yana rufe murfin tanki. Tun safe yake shawagi a kan dattijon nan, kuma duk saukowar da ya yi don ya gani da kyau, ƙara tura shi cikin rami yake yi.

"Zan faɗa musu, Anti."

"Don Allah kar ka—"

"Mutum ɗaya zan faɗa wa. Ba da Hausa ba."

Celina ta saurare shi tana cin biskit. Ta daina taunawa.

"Ka san abin da kake cewa? In na kira shugaban aiki, sauke mu zai yi. Ba za ka sake tashi yau ba."

"Na sani."

"Ka daɗe kana jiran wannan ranar."

"Kira shi."

Ta kira. Aka janye jirgin, aka ce jirgi mai saukar ungulu da ake shirin turowa shi ma ya dakata. Masu bin ƙasa aka umarce su su bar fili, su koma duba magudanan ruwa da ƙarƙashin gadoji. Garzali ya ɗaure jirgin da igiyoyinsa, ya rufe gilashin, ya shiga motarsa.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya isa bakin rafin. Aka ba shi riga mai ƙyalli, aka sa shi a ƙarshen sahun masu nema. Turawan suna kiran sunan yadda bakinsu ya iya. Shi bai kira suna ba. Duk bakin kwalbati sai ya durƙusa ya yi sallama.

"Baba, jirgin ya tafi. Fito, lokacin salla ya yi."

Gwiwoyin wandonsa suka jiƙe. Rana ta sauka bayan itatuwa. A wani kwalbati da ke ƙarƙashin hanyar motocin 'yan golf, ya yi sallama, ya ji an amsa a hankali, cikakkiyar amsa har da wabarakatuhu.

Dattijon yana can ciki a takure, jallabiyar ta koma ruwan ƙasa, silifas ɗaya a ƙafa. Sanyi ya gama kama shi.

"Sun tafi?"

"Sun tafi, Baba."

"Ka tabbata, yaro? Ɗazu ma sun yi kamar sun tafi."

"Ba za su dawo ba."

Garzali ya miƙa hannu ya jawo shi a hankali, ya tuɓe jaket ɗinsa ya rufa masa, ya ɗaga wa sauran masu neman hannu. Can sama a kan hanya, wani ya fara magana a rediyo. Baba Zabeirou ya dafa kafaɗarsa, ya ɗaga kai yana duban sama.

"Tun safe yake bina. Ni me na yi masa? Ko wane ne a cikin jirgin nan, Allah ya isa tsakanina da shi."

Garzali ya gyara masa wuyan jaket ɗin.

"Taka a hankali, Baba," ya ce. "Akwai santsi a nan."