Waya Mai Jiƙaƙƙen Kwali

Akuyar ta kafe ƙafafu a ƙofar gida ta ƙi gaba, sai da Dada ta ɗebo dusa a tafin hannu ta wuce gabanta sannan ta bi. Ikilima ce ke riƙe da igiyar, jaka a kafaɗa, tana ta duban rana. Daga ƙauyen zuwa kasuwar Aujara tafiyar ƙasa ce, daga can kuma sai ta nemi motar Dutse ta isa kafin la'asar.

Gobe za a fara ba su Ikilima horon aiki. Tun da ta gama jami'a take zaune a gidan kawunta a Dutse tana koyar da 'ya'yan maƙwabta da yamma, sai yanzu Allah ya kawo ɗan aiki na wucin gadi: za a tura su ƙauyukan Buji su yi wa manoma rajista. Sharaɗi ɗaya aka gindaya, kowa ya zo da babbar waya mai ɗaukar hoto da nuna taswira. Wanda ba shi da ita, akwai masu jira a bayansa. Ita kuwa tata 'yar ƙarama ce mai tocila, an ɗaure bayanta da roba.

Babu shagon waya a Dutse da ba ta leƙa ba, duk da nauyin da take ji ta tambayi farashi ta fita ba ta saya ba. An nuna mata na hannu, amma ta tuna ƙawarta da ta sayi irinsu ta kwana a wajen 'yan sanda, ashe ta sata ce. An yi mata tayin wadda ake biya kaɗan-kaɗan, wadda ke kulle kanta ranar da mutum ya makara. An ce Kano ta fi sauƙi, ta lissafa ta ga kuɗin mota zai cinye ragin. Da ta nemi musanya, mai shagon ya juya 'yar wayarta a hannu ya ce ta riƙe abarta, za ta yi mata amfani in an ɗauke wuta. A ƙarshe ta faɗa shagon wani Zaharadeen, wanda rufinsa ya yi yoyo da damina ruwa ya jiƙa masa kwalin wata sabuwar waya. Wayar lafiyarta ƙalau, amma ba mai son kwali a kumbure. Ya yi mata ragin da ba ta taɓa ji ba, ya ce zai ajiye mata zuwa la'asar ɗin yau. Abin da ta tara ya kai fiye da rabi. Cikon, kuɗin akuya ɗaya ne.

Akuyar ta mahaifiyarta ce. Kafin ta rasu ta ba yayarta Dada kiwo, bisa yadda aka saba: haihuwa ɗaya ta mai akuya, ta gaba ta mai kiwo. Haihuwar da ta wuce ta Ikilima ce, da ita aka biya kuɗin karɓo takardunta. Dada kuwa nata awakin ciwo ya share su bara, wannan kaɗai ta rage a turke. Jiya da Ikilima ta iso tana ta kewaye-kewayen magana, Dada ba ta bari ta ƙarasa ba. Ta ce akuya ai ta Ikilima ce, aiki kuma ba ya jiran mutum, ta kwanta ta huta.

A kasuwar awaki suka sami Malam Gwadabe dillali, wanda ya san Dada tun mijinta na raye. Suka gaisa, ya tambayi ƙafarta, ta ce da sauƙi. Ya buɗe bakin akuyar ya duba haƙora, ya shafa gadon bayanta, sannan ya durƙusa ya sa tafin hannu a ƙasan cikinta, dab da hantsa, ya danna a hankali. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, ba Ikilima ya kalla ba.

"Dada, kin dai san abin da kike sayarwa?"

"Ƙoshi ne," in ji Dada da sauri. "Harawa ta samu. Kai dai yi mana ciniki, yarinya na da tafiya."

"To, ƙoshi ne," ya ce, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

Ikilima ta bi cikin akuyar da kallo. Ta taɓa ganin irin wannan dannawar. Tana ƙarama, haka mahaifiyarta ke durƙusawa a gindin turke, in ta ɗago tana murmushi an san an kusa samun ƙaruwa. Sai kuma ta tuna abin da ta gani da safe ba ta kawo komai a ranta ba: 'yar sabuwar rumfa ta zana a gefen turken, an share ƙasanta tas, ta yi wa babbar akuya kaɗan.

Ashe akuyar ciki gare ta, kuma wannan haihuwar rabon Dada ce.

Malam Gwadabe ya kira wani mai saye daga Taura. Mutumin shi ma ya danna cikin, ya dubi dillali, ya miƙe da sauri kamar wanda ya tsinci abu a hanya. Ya taya kuɗin akuya marar ciki. Da Dada ta faɗi gaskiya da an ƙara mata sosai, amma faɗar na nufin Ikilima ta ji, ita kuma ta san 'yar ƙanwarta ba za ta iya sayar da rabon wani tana ji tana gani ba. Don haka ta tsaya tana jayayya a kan ƙiba da kyan fata, har kuɗin ya kai daidai cikon wayar, ta tsaya a nan.

Kalma uku ce kawai a bakin Ikilima: ciki gare ta. In ta furta, ita ma ta san ba za ta tsaya neman ƙari ba, gida za ta ja akuyar, gobe a kira wata a madadinta. Ta dubi Dada. Tsohuwar ta kau da kai tana gyara bakin mayafinta, kamar mai roƙon a rufa mata asiri. Daga bakin titi kwandasta na kiran Dutse, Dutse, saura mutum biyu.

"Mai akuya, a sallama?" in ji Malam Gwadabe.

"A sallama," ta ce, muryarta can ƙasa.

Aka yi addu'ar albarka. Mai sayen ya ɗaura tasa igiyar, ya kwance tasu ya miƙo, don ba a haɗa igiya a ciniki. Akuyar ta yi kuka tana waiwaye, aka ja ta cikin sauran. Dada ta kakkaɓe ragowar dusar da ke tafinta, ta miƙo hannu.

"Kawo igiyar, ke ki kama mota."

Ikilima ta naɗe ta a hannu, ba ta miƙa ba.

"Bar min ita, Dada. Ni zan dawo miki da ita."

Dada ta ɗan tsura mata ido. Ta gane ba igiyar kaɗai yarinyar ke nufin dawowa da ita ba. Ta ce Allah ya yi albarka, in ta je wajen aikin ta riƙa buɗe baki tana magana, kada ta tsaya sunkuyar da kai kamar uwarta. Sannan ta juya ta kama hanyar ƙauye, tana ɗan jan ƙafa, hannuwanta biyu a goye a baya.

Ana kiran la'asar Ikilima ta shiga shagon Zaharadeen. Ya ciro kumburarren kwalin daga ƙasan kanta, ya yanke ledar a gabanta don ta shaida sabuwa ce, ya sa mata layinta ya kunna. Fuskar wayar ta kawo haske. Ya ce ta gwada hoto, ta rasa abin da za ta ɗauka, ta ɗauki bango.

"Wallahi malama kin iya nema," in ji shi yana goge gilashin da gefen rigarsa. "Duk garin nan babu wanda ya samu wayar nan a arahar da kika same ta."

Ta ce ta gode. Ya nemo leda zai sa mata, ta ce ya bari. Ta zuge jakarta, warin akuya ya ɗan taso, ta matsar da igiyar gefe ta kwantar da wayar kusa da ita.