Ranar da Kawu Ya Daina Numfashi

Ajinmu na koyon aikin jinya ya rabu biyu: 'yan lacca da 'yan Kawu. Kawu mutum-mutumin roba ne da ke kwance a ɗakin gwaji, yana numfashi, yana tari, Malama na sarrafa shi da kwamfuta daga bayan gilashi. Ni kam ina mutuwar son ɗakin nan. Lacca kuwa, kafin malami ya gama gaisuwa na fara gyangyaɗi.

Ƙawata Shiru-shiru 'yar lacca ce ta gani-kashe-ni. In'ina gare ta. A lacca ba ruwan kowa da muryarka, a rubutu kuma ba mai kama ƙafarta. Amma sau biyu tana faɗuwa gwajin Kawu, don a can dole ka ba da umarni da baki. In ta sake faɗuwa, sai maimaita shekara.

Ranar gwajin aka haɗa mu tare. Na kama hannunta, sanyi ƙalau.

"Ki bar min maganar," na raɗa mata.

"Ita ce jagora," in ji Malama ta lasifika. "Ke sarkin surutu, kama bakinki."

Muna cikin auna jini sai na'ura ta ɗau ƙara. Ƙirjin Kawu ya tsaya cak. Ni mai cika baki, wallahi kaina ya ɗauke wuta, na tsaya kamar an dasa ni.

"Ke! Danna ƙirji, yanzu!"

Na waiga ina neman mai maganar. Shiru-shiru ce! Ta riga ta kwantar da kan gadon, ta ɗauki waya.

"Likita, gado na ɗaya, zuciya ta tsaya, a kawo na'urar farfaɗowa! Ke kuma ƙara ƙarfi, ba kitso kike masa ba!"

Ko harafi bai maƙale mata ba. Ina dannawa, gumi na zuba. Can sai Kawu ya ja numfashi. 'Yan aji da ke leƙe ta taga suka kaure da ihu, har da buga ƙofa.

Malama ta fito tana gyara tabarau. "Kin ci. Akwai tambaya?"

"Ma... Ma... Malama."

In'inar ta dawo. Muka jira ta, ba wanda ya ƙarasa mata.

"Go... gobe ma za... zan iya zuwa?"