Ruwan da Wuta Ba Ta Taɓa Ba

Hure ta karya karan dawa na ƙarshe a gwiwarta, ta tura ƙarƙashin rabin duron, ta duƙa ta hura har hayaƙi ya cika mata ido. Wutar ta tashi fuu, ta lashe karan, ta kwanta. Ta tsoma yatsa a ruwan. Ɗumi-ɗumi ne kawai, irin na wanke wa jariri fuska, ba na mai jego ba.

Ta miƙe ta ja dogon tsaki. Yau kwana huɗu ke nan da autarta Nazira ta yi haihuwar fari, ta zo gida wanka. Kowa a ƙauyen nan na gefen Gezawa ya san yadda ake yi: kwana arba'in, safe da yamma, tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, kuma itacen wanka a wuyan miji yake. Ko wanda bai ajiye akuya ba sai ya turo amalanke guda don fita kunya. Amma Iliyasu, mijin Nazira, mai haɗa wa mutane sola a cikin Kano, me ya kawo? Wani tanki mai sheƙi a kan ƙafafun ƙarfe, da dogayen baƙaƙen kwalabe a jere a jikinsa kamar haƙarƙari. Ya kafa shi a tsakar gida da yammacin ranar haihuwa, ya cika shi da ruwa, ya koma zaure ya durƙusa kansa a ƙasa, yana bayani a hankali wai rana ce za ta dafa ruwan, ba sauran wahalar itace.

Abin da ya fi ci mata rai, suruki ne, ba a buɗe masa baki. Tana daga bayan ƙofa ta ce masa an gode, Allah ya yi albarka, zuciyarta kuwa kamar ta fashe. Yana tafiya ta murɗa famfon tankin, ruwan sanyi ƙalau. Shi ke nan ta gama da shi. Ta ɗauko tsohuwar tabarma ta lulluɓe kwalaben ruf don kada 'yan barka su ga abin kunya, ta baza barkono a kai, ko ba komai ya yi amfanin shanya. Sau biyu Nazira tana ce mata Iliyasu ya ce a cikin waya kada a rufe, sau biyu Hure tana ce mata ta kama bakinta, ita da ta haifi bakwai ba yaron jiya ne zai koya mata jego ba. Ruwan da wuta ba ta taɓa ba, ai ba ruwan wanka ba ne.

Itace kuwa a garin nan ba daji ake shiga a ɗebo ba. Ina dajin? Gona ta haɗe da gona har inda ido ya tsaya, kowace bishiya da mai ita, kara ma sai an yi gadinsa. A kwana huɗu ta ƙone karan da ta tanada na girkin wata biyu. Ga shi jiya maƙwabciyarta Larai ta leƙo, ta dubi murhun ta dubi Nazira, ta ce cikin muryar tausayi wai ta ga ƙafar yarinyar kamar da ɗan kumburi, Allah dai ya sa ba ɗanyen jego ba ne. Hure ta san kafin suna maganar ta zaga kowane gida.

Ta yi wa Nazira wankan da ruwan a haka, tana yi tana mita, sannan ta yafa mayafi ta nufi wurin Tahir mai itace.

Shekara ta kai biyar Tahir yana zawarcin ɗorawarta. Ita kaɗai ce bishiya a 'yar gonar da ke bayan gidan, kuma da aka raba gadon marigayi mijinta Malam Sammani ita Hure ta ce a bar mata, ba ta son komai. Daga ita take samun kalwar daddawar da take sayarwa, a ƙarƙashinta Malam yake shimfiɗa buzunsa in rana ta take lokacin noma. Daga tsakar gida ma ana hango kanta ta saman katanga. Bana ta yi 'ya'ya har rassan sun sunkuyo, saura 'yan makonni a kaɗe. Duk zuwan da Tahir ya yi a baya da zagi yake komawa.

Yau da ya ji abin da ya kawo ta, sai da ya ajiye gatarin hannunsa.

"Inna Hure, ɗorawar Malam fa? Ki bari mana a kaɗe ta tukuna."

"Wankan ne zai jira a kaɗe ta? Ka ba ni busasshe na kwana arba'in, ka ɗauke ta. In ba ka so in nemi wani."

Kafin hantsi ya yi nisa Tahir ya iso gonar da mutum biyu da injin yanka. Hure ta ƙi komawa gida. Ta tsaya a kan iyaka, hannu a ƙugu, tana zagin Iliyasu a ranta, shi da tankinsa da iyayen gidansa na birni da suka koya masa rowa da sunan wayewa. Ta ɗauka aikin zai kai yamma kamar zamanin gatari, ta samu lokacin yin sallama da bishiyar. Ina! Injin ya yi ta kururuwa, garin katako yana feshi, kafin ta gyara tsayuwa ɗorawar ta yi wata ƙara ta kwanta, ƙasa ta girgiza har cikin ƙafafunta. 'Ya'yan suka warwatsu a kan kunyoyi, ɗanyu shataf, ko akuya ba za ta more su ba. Ta ji hawaye na zuwa, ta haɗiye su, ta ce wa kanta Iliyasu ne ya sare ta, ba ita ba.

Ba ta bar wurin ba sai da aka daddatsa gungumen, aka kira la'asar.

Da shigarta gida ta ga barkononta a ƙwarya a bakin ɗaki, tabarmar a naɗe a jingine, baƙaƙen kwalaben tsirara suna ƙyalli. Nazira ta ce daga ciki ita ta kwashe tun da safe, kaji suna ta hawa. Ƙarya take yi, Hure ta sani, amma ba ta da sauran ƙarfin faɗa. Buta ba ruwa, randa ta yi ƙasa, ga lokacin salla yana wucewa. Ta ce bari dai ruwan banzan nan ya yi amfanin alwala. Ta tsuguna, ta tara hannu, ta murɗa famfon.

Ba ta san lokacin da ta yi baya ta zauna daɓas ba. Ruwan ya ci gaba da zuba a ƙasa yana tururi, wata kaza da ta matso ta yi tsalle ta gudu. Bayan hannunta ya yi jawur, yana raɗaɗi har kafaɗa. Ko ranar da ta fi wadatar itace ba ta taɓa sauke ruwan da ya fi wannan ba.

Ta daɗe a zaune. Ta ɗaga kai ta dubi saman katanga, inda shekara talatin take ganin kan ɗorawa. Babu komai sai fili da rana.

A waje aka kwaɗa sallama. Tahir ne, wai ga amalanken farko, a ina za a sauke? Hure ta rarrafa ta rufe famfon da hannun hagu, ta je ta tsoma na dama a sauran ruwan randa.

Nazira ta fito tana dafa bango, jaririn a kafaɗa, ta ga hannun.

"Inna, me ya same ki?"

"Wuta ce," in ji Hure.

Nazira ta dubi murhun. Tokar safe ce a ciki, ta huce tun tuni.

Tahir ya sake sallama. Hure ta zaro hannun daga randa, ta ɗauki bokiti ta ajiye a ƙarƙashin famfon.

"Ce masa ya sauke a zaure," ta ce, ba ta juyo ba. "Ke kuma ɗauko ganyen, ruwa na hucewa."