Ƙeyar Rabi

Zuwaira ta lashi bayan kan sarki, ta manna shi a kusurwar ambulan daidai inda ta bar masa fili a saman gadar Wudil da ta zana, sannan ta tura wa Malam Haladu ta ƙarƙashin ragar kanta.

"Yau kuma me muka samu?" Malam Haladu ya gyara zaman tabaransa. Shekara uku ke nan yana buga wa wasiƙunta hatimi a gidan waya, kuma kullum sai ya nemi gefen da tawada ba za ta ɓata zanen ba. "Kogi ne. To wannan shuɗin fa?"

"Bula ce ta wanki, Malam. Jan kuma ruwan zoɓo."

"Ikon Allah. Mutanen Jos za su sha kallo."

Duk sati biyu take aika wa yayarta Sharifa wasiƙa a Jos, Sharifa ta maido mata da amsa a cikin ambulan da ita ma ta yi wa ado. Tun suna sakandare suke wannan abu. Abin da ke ciki bai fi layi biyar ba, gaisuwa ce da farashin kaya. Ainihin labarin a bayan ambulan yake. Zuwaira kan yi zanen ne da hantsi bayan ta gama wanke-wanke, da fensir da tsinken asuwaki da ta tauna bakinsa ya yi laushi. A wannan karon, ban da gada da kogi, akwai wata yarinya a tsaye ta juya baya, takalmanta a hannu.

"'Yar taki ce dai kullum ta ba mu ƙeya," in ji Malam Haladu. "Ina take ne yau? Ba ta zo ta gaishe da kakanta ba?"

"Ga ta nan."

Zuwaira ta kai hannu gefen zaninta, inda ƙaramin hannu ya saba riƙewa. Ta shafa, ba kowa. Ta juya dama, ta juya hagu, jaririyar da ke bayanta tana lilo. Ta leƙa ƙarƙashin benci. Ta fita baranda.

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil, kuma gobe ne soja za su miƙa mulki. Titi ya cika ya batse. Ga shanu ana korawa zuwa kara, ga makaɗa a bayan a-kori-kura, ga 'yan acaɓa da tutoci a ɗaure a madubi. Abin da ya fi dagula lamarin shi ne matan. Wani ɗan siyasa, Alhaji Ɗan'auta, ya kwaso atamfa dila-dila daga Kantin Kwari ya raba gida-gida don bikin rantsuwa, rawaya mai koren zobe. Ita ma Zuwaira ita ta ɗaura, domin atamfa ce mai ƙwari kuma kyauta, har ta fitar wa 'yarta Rabi 'yar riga a ƙyallen da ya rage. Yanzu duk inda ta kai ido rawaya ce mai koren zobe, tana tafe, tana tsaye, tana ciniki, tana goyo.

Ta buɗe baki za ta yi kira, sai bakin ya tsaya a buɗe.

Rabi 'yar fari ce. Shekararta huɗu, kuma ko sau ɗaya Zuwaira ba ta taɓa ambatar sunanta ba. A gidansu haka aka tashe su: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zuba masa ido. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma Rabi Yaya take ce mata, yadda ta ji ƙannen mijin suna faɗa. Shi ya sa ma zanen nata kullum daga baya ne. Sai yarinyar ta juya tana wasanta sannan Zuwaira ke samun damar kallonta son ranta.

"Ke!" ta ƙwala. "Ke!"

Mata wajen goma suka waiwayo.

Malam Haladu ya fito yana kulle ƙofa, ambulan ɗin a hannunsa, ko hatimi bai buga ba. "Kwantar da hankalinki, 'yata. Yaro ba ya ɓata a Wudil. Muje wajen mai shela."

Mai shelar yana bakin kasuwa a kan teburi da lasifika mai batir, yana cigiyar wata akuya. Ya sauke lasifikar ya dube ta.

"Sunan yarinyar?"

Zuwaira ta sunkuyar da kai. Ta karɓi ambulan da biro daga hannun Malam Haladu, ta rubuta a gefe, ta nuna masa.

"Rabi. To. Au, 'yar fari ce? Baiwar Allah, ana wannan tashin hankalin kina kunya? Me ta sa?"

Ta nuna zaninta.

"Inna lillahi. Yau ko 'yar tsana a garin nan wannan ta sa. Akwai hotonta?"

"Ba a taɓa yi mata ba."

"To kamanninta. Fara ce, baƙa ce?"

"Tsaka-tsaki."

"Fuskar fa? Doguwa, zagayayya? Tana da wushirya? Tsage?"

Zuwaira ta runtse ido. Ta san fuskar. Ita ke wanke ta kowace safiya, ita ke sa mata kwalli. Amma yanzu da aka ce ta faɗa, sai fuskar ta narke mata kamar gishiri a ruwa, ta ga hancin jaririya, ta ga goshin Sharifa, ta ga idon wata 'yar maƙwabta.

"Da babanta take kama."

"Mu mun san babanta ne?"

"Malam Isyaku ne, na Sabon Gari, mai koyarwa," Malam Haladu ya sa baki.

"Isyaku nawa ne a Sabon Gari?" Mai shela ya girgiza kai ya ɗaga lasifika. "Jama'a, ana cigiyar yarinya, Rabi, 'yar shekara huɗu, da babanta take kama!"

Wata a-kori-kura ta makaɗa ta zo wucewa, kalangu ya haɗiye sauran maganar.

Zuwaira ba ta jira ba. Ta kutsa layin 'yan tumatir. Can ta hango 'yar riga rawaya kusa da mai awo, ta yi tsalle ta cafko kafaɗar, sai ga wata yarinya mai majina ta ɓare baki, uwarta ta hayayyaƙo. "Lafiya? Sata ake da rana tsaka?" Ta ba da haƙuri ta yi gaba. Ta cafki ta biyu, ita ma ba ita ba ce. Wani ya ce ya ga yarinya tana kuka wajen 'yan kifi, wani ya ce a'a, an kai wata gidan mai unguwa, wata tsohuwa ta ce a duba bakin kogi. Da jin kogi Zuwaira ta zabura. Ta nufi can da gudu, ta yi taku ashirin, ta tsaya, ta dawo, ta rasa ma ta wace ƙofa ta shigo kasuwar. Jaririyar ta farka ta kama kuka. Ta tuna Isyaku yana makaranta, kuma da safe da ta nemi izinin fita sai da ya ce, yau Juma'a ce fa, ki bari sai Litinin mana, takarda ba ta ruɓewa.

A bakin hanyar tasha Malam Haladu ya cim mata yana haki. Ta jingina da rumfar wata mai gurasa, ambulan ɗin a matse a hannunta, gumi ya fara jiƙa kogin bula.

"Ku sha ruwa," in ji mai gurasar, wata dattijuwa da ake ce wa Mairo. Ta miƙo kofi, sai idonta ya faɗa kan takardar. "Mu gani. Wa ya yi wannan?"

"Ita ce. Yarinyar ce muke nema," in ji Malam Haladu. "Sai dai ba fuska."

Mairo ta kai ambulan nesa da idonta, ta dawo da shi kusa. A zanen, kitson shuku ne a kan yarinyar, amma silin tsakiya ya karkace ya kewaye wani ɗan fili kamar kwabo a ƙeya, inda ƙurji ya taɓa fitowa gashi ya ƙi tsirowa. Kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama tashi. Takalma a hannu.

"Ai na ga ƙeyar nan," in ji Mairo. "Ni da nake zaune a nan, ƙeyar mutane nake gani, kowa wucewa yake. Har na ce a raina, wace marar tausayi ce ta bar yarinya tana taka ƙasa da zafin nan ga takalmi a hannu?"

"Ƙin sawa take yi, Inna. Ina ta yi?"

"Tana riƙe da zanin uwarta."

"Ni ce uwarta!"

"To tana riƙe da zanin wata. Cikin matan Darki ne, masu tafiya Kano rantsuwa. Ga motocinsu can. Ki yi sauri, tun ɗazu direbobi ke ɗumama inji."

Motoci uku ne manya a jere a bakin tasha, kowacce maƙil da rawaya mai koren zobe, mata na guɗa suna tafi. Ta farko ta riga ta hau titi. Zuwaira ta tsaya tana kallonta tana nufar gada, ba ta san ko ta bi ta da gudu ko ta duba sauran ba. Malam Haladu ya sha gaban ta biyu ya ɗaga hannu biyu, direba yana ta danna masa ham yana cewa, "Baba, ka gaji da duniya ne?" Zuwaira ta taka taya ta leƙa. Kawuna, ɗankwali, kawuna. Babu. Ta diro ta zaga ta uku.

A can ƙurya, a kan cinyar wata ƙatuwar mata mai tsagen kalangu, wata yarinya na zaune tana gatsar rake.

Zuwaira ta matsa jikin motar. Ta riƙe ƙarfen motar da kyau. Mata sun kai arba'in suna kallonta. Ta daidaita murya.

"Ke. Sauko."

Rabi ta ɗago ta dube ta, ta ci gaba da tsotsar rakenta.

"Dakata tukuna," in ji matar, ta zagaye yarinyar da hannu. "Ke wace ce?"

"Tawa ce."

"Haka wata ta ce ɗazu, da ta matso ta ga ba ita ba ce. Ni Hansai ba na ba da ɗan mutane a kan baki. Sai da muka zauna na gan ta manne da zanina, na zaci ta Sabuwa ce, Sabuwa ta zaci tawa ce. Yanzu nake cewa a tsaya a kai ta wajen sarkin tasha." Ta sunkuya. "'Yan mata, wannan ce babarki?"

"Yaya ce," in ji Rabi.

"Kun ji ko? Yaya ce."

"'Yar fari ce, shi ya sa," Malam Haladu ya ɗago murya daga ƙasa.

"To ta faɗi sunanta mana," wata ta ce daga baya.

"In 'yar fari ce ai ba za ta faɗa ba," wata ta amsa.

"In ta faɗa ba uwarta ba ce, in ta ƙi faɗa ba mu da shaida. Yau ga shari'a!" Motar ta kwashe da dariya. Direba ya leƙo yana cewa shi fa zai tafi, in shari'a ce a ƙarasa ta a Kano.

Zuwaira ta miƙa ambulan. Wata ta karɓa ta miƙa gaba, ya bi hannu-hannu ya isa ga Hansai.

"Cire mata ɗankwali, Yaya Hansai. Ki juya ta."

Hansai ta zame ɗan ƙyallen da ta ɗaura mata saboda rana, ta juya yarinyar. Ta dubi takarda, ta dubi ƙeya. Ta sa babban yatsa ta shafa ɗan filin da ba gashi, ta bi karkataccen silin da farce. Matan kusa suka miƙo wuya. Guɗar ta mutu.

"Har tudun kafaɗar," in ji wata a hankali.

Hansai ta daɗe tana kallon zanen. "Wanda ya yi wannan ya daɗe yana kallon yarinyar nan," ta ce. Ta ɗaga Rabi cak, aka yi ta miƙa ta bisa kawuna har bakin mota, rake a hannu ɗaya, takalma a ɗayan.

Zuwaira ta yi niyyar ta dire ta ƙasa, ta ja kunnenta, ta ce wuce mu tafi. Sai ta ji hannuwanta sun ƙi saki. Ta ƙanƙame ta a ƙirji, jaririya a baya, ta tura fuskarta cikin wuyan yarinyar mai warin rana da rake.

"A'a! 'Yar fari a rungume a tasha!" wata ta yi shewa. "Lallai farar hula ta dawo!"

"Ku ƙyale ta," in ji Hansai. Ta miƙo ambulan ta taga, Malam Haladu ya karɓa yana busa wa inda ya jiƙe iska. Motar ta ja.

Rabi ta ture kan uwarta baya don ta ga fuskarta da kyau. Ta ɓata rai.

"Yaya, ina kika je? Na yi ta riƙe ki, na ɗaga kai na ga kin zama wata."

Zuwaira ta goge mata ruwan rake a haɓa da bakin mayafi. Ta dube ta, ido, hanci, ɗan gibin haƙori na ƙasa, ba ta kau da kai ba.

"Ɓata na yi," ta ce.

"To kar ki ƙara."

"To."