Zare a Gindin Masaki

A shekarar da gobara ta cinye rumfar masu daddawa a Toranke, aka kawo Kellu daga Balan, bazawara Babarbariya da Kabo manomi ya aura. Matan suka sayi sababbin masakai maimakon waɗanda suka ƙone, suka ba baƙuwa wuri a gindin murhu. Tun daga nan daddawa ta ƙi. A dafa kalwa, a surfe, a wanke, a rufe da ganye, ranar buɗewa sai a tarar da ita a bushe ƙamas, ba yauƙi ba ƙamshi.

Baiwa, uwar masu daddawa, ba ta sha wahalar neman dalili ba. Ta je Gafasa wurin ƙanwarta ta yi daddawa a can, ta yi kyau har maƙwabta suna leƙe. Ta dawo ta ce to, inda babu Kellu ga yadda abu yake. Kafin a ci kasuwa, kalmar mayya ta zaga gari, kuma kowa ya san mayya ba ta kwana cikin ganuwa.

Kellu ta ji tsoro, amma haushi ya fi tsoron yawa. Da mai gari ya ce ta ɗaure kayanta, ta durƙusa, ta ƙi tashi.

"Ranka ya daɗe, a Gafasa ba ni kaɗai ce babu ba. Rijiyarmu ba ta je ba, itacenmu bai je ba, masakanmu ba su je ba. Don me ni kaɗai za a kora?"

Baiwa ta ce, "Ji bakin baƙuwa. To ta yi tata, in yi tawa."

"A'a, Inna. In tawa ta ƙi, ki ce hannu, in ce masaki, mu kwana nan. Tukunya ɗaya za mu dafa, da ruwa ɗaya. A raba kalwar huɗu, ki wanke biyu, in wanke biyu. A aro tsofaffin masakai biyu a haɗa da sababbi biyu. Kada ni ko ke mu ga inda aka zuba ta wa."

Mai gari mutum ne mai son kallo, ya yarda. Aka ba tsohuwa Barira aikin zubawa, don ita ba ta shiri da kowa, balle a ce ta yi son kai. Ta shige bayan zana da masakan. Kason kowace mace ta zuba ɗaya a tsoho, ɗaya a sabo, ta binne zare a gindi: fari na Baiwa, ja na Kellu. Ta rufe, ta kai ɗakinta, ta zauna a ƙofa da muciya.

Kwanakin jiran nan Kellu ba ta ci abin kirki ba. Ita ma zato take yi, ba sani ba. Ta dai lura uwarta ba ta taɓa yarda a kankare tsohon masaki ba. Kabo ya roƙe ta su gudu Balan tun da girma. Ta ce wanda ya gudu ya amsa sunan.

Ranar buɗewa gari ya taru. Tsofaffin masakai biyu suka tashi da warin nan da mai miya ke so, sababbin kuwa a bushe ƙamas. Mai gari ya ce Baiwa ta nuna aikin mayya. Ta nuna sababbin biyu ba ko shakka. Sannan ta lakaci ɗaya daga masu kyau ta ɗanɗana, ta ce, "Wannan kuwa ko a mafarki na san hannuna."

Barira ta tura hannu gindinsa, ta zaro jan zare. Ta matsa ga wanda ya fi lalacewa, ta zaro fari.

Kellu ta karɓi farin zaren, ta ajiye shi a gaban mai gari.

"Ranka ya daɗe, in mai hannun da ya ɓata daddawa ce za ta bar gari, a ba Inna gammo. Hanyar Balan da nisa, sai mu riƙa hira."